Bana Kujerar Ta Hayi Ce

Shin na je Doha ne don in ɗauko ɗana, ko na je ne don in hana shi dawowa? Tun da na sauka matan unguwa ke shigowa suna tambayar abin da na ƙullo, ni kuwa wannan tambayar ce ke hana ni zama wuri ɗaya, kuma har yau ban samo amsarta ba. Shi ya sa na ce wa 'yata ta zauna da wayarta, ina faɗa tana rubutawa, ta saka a zauren matan garinmu na waya kowa ta ji daga bakina. Na gaji da maimaitawa ina kuka.

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanin mijina, ban daɗe da fita takaba ba. Malam, maigidana, ya rasu ne a tsakiyar damina. Na kulle ɗakinsa, na kai bakin zaure, na koma na buɗe na leƙa kamar wadda ta manta wani abu. Buzunsa da rediyonsa suna inda ya bar su. Ƙanin nasa yana waje yana ta danna hon. Tun ina amarya muke wasa da shi, shi ne mai sace mini ƙosai a kasko, yanzu ga shi da furfura da doguwar hula, jigo a jam'iyya. Ya ce, "Matar Yaya, jirgin Larabawa ba ya jiran mai gyaran ɗankwali." Na ce in ya matsu ya yi gaba, ya gaya wa Larabawan ni na aiko shi.

Wanda bai san garinmu ba, rafi ne ya raba ƙaramar hukumarmu biyu. Mu ne Tudu, muna da kasuwa da sakatariya. Su ne Hayi, suna da asibiti da babban titi. Ba gada. Da damina sai kwale-kwale, da rani mota ta bi ta kan yashi, samari suna turawa in ta kafe. Tamu ma ta kafe, sai da muka sauko aka tura. Da muka hau Hayi gari ya soma haske, na ga bangon gidaje an fara manna hotunan masu son takara. Ƙanin Malam ya kau da kai kamar bai gani ba.

Masu magana a rediyo sun daɗe suna cewa ƙaramar hukumarmu ba ta da alƙibla. Wannan zaɓe mu bi wannan jam'iyya, na gaba mu juya mata baya, na bayansa mu dawo. Wasu su ce da atamfa da taliya ake sayenmu. Atamfa kam mun karɓa, ta kowane ɓangare, ba zan yi ƙarya ba, amma ba ita ke juya mu ba.

Ina goyon ɗana na fari aka soma barin mata su jefa ƙuri'a. A lokacin Tudu ce ke cinye komai, don mun ɗan fi su yawa. Sai aka zo zamanin ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, rana tsaka, kowa na ganin kowa. A filin makarantar bakin rafi, inda gidajen ɓangaren biyu ke zaɓe tare, aka wayi gari da layi biyu, ɗaya Tudu zalla, ɗaya Hayi zalla, suruki yana hararar suruki. Kafin la'asar an ƙona rumfuna a kasuwa, an farfasa kwale-kwale, an kai samari makwanci. Damina guda ba mai hayewa. Matanmu suka yi ta haihuwa ba asibiti, su kuma ba inda za su kai amfanin gona.

A zauren gidanmu dattawan ɓangaren biyu suka zauna. Ni na tuƙa tuwon da suka ci, akushi ɗaya. Suka yanke cewa kujerar ɗan majalisa karɓa-karɓa za a yi: Tudu zango ɗaya, Hayi zango ɗaya. Ba a rubuta komai ba, Fatiha aka shafa. Alamar ita ce, ɓangaren da zangonsa ya zo ƙarshe zai aika wa ɗayan ƙwaryar goro kafin a kaɗa gangar siyasa, ma'ana mun sauka, ku hau. Da yake kowace jam'iyya gindinta yana ɓangare ɗaya, in goro ya haye sai ƙuri'unmu su haye tare da shi. Juyawar tamu ke nan da ake ta surutu a kai.

Malam shi ne na ƙarshe cikin dattawan nan, kuma shi ke ɗaukar goron Tudu. Bana karon Hayi ne. Ya rasu bai kai ba, ba kuma wanda ya kai. Su ƙaninsa suka ce alƙawarin ya bi masu shi ƙasa, suna son su tsayar da ɗana, injiniya a wurin aikin gas a Qatar, don sun san ba mai ɗaga murya a kan ɗan Malam. Yaron kuma ya ce ba zai motsa ba sai na faɗa masa baki da baki. Kafin wata ya ƙare dole ya gaya wa kamfaninsu ko zai sabunta kwantiragi ko zai ajiye. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yana, matan duk suna ɗakunansu. In ya tsaya takara zai dawo gida da matarsa da yaransa, su cika mini tsakar gidan da yanzu tsintsiyata kawai ake ji a ciki. Da wannan na shiga mota.

Hanyar Kano ramuka da shingayen masu kaki, direba yana miƙa hannu yana wucewa. Mun karya da waina a wata tasha, mai wainar ta cika yaji a miya har ƙanin Malam ya cire hula. A filin jirgi wani jami'i ya buɗe jakata, ƙamshin daddawa ya buge shi, ya ja da baya ya ce, "Hajiya, wannan ai makami ne." Na ce shi ma da ita aka raine shi. Ya yi dariya ya rufe. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji duk suka wuce lafiya.

Sau ɗaya na taɓa shiga jirgi, shekarar da muka sauke farali da Malam. Da jirgin zai tashi a wancan karo ya kama gefen mayafina ya riƙe, yana kallon gaba kamar ba shi ba. Wannan karon da injin ya ɗauki ƙara na duba gefena, ƙaninsa ne ya buɗe baki yana barci. Na yi kuka har wata ma'aikaciyar jirgi ta durƙusa ta ba ni ruwa, tana yi mini magana da yaren da ban sani ba. Na ce mata mijina ne ya rasu. Ba ta ji Hausa ba, amma ta dafa kafaɗata ta daɗe ba ta tashi ba.

Filin jirgin Doha gari ne guda. Ƙasa tana sheƙi har na riƙa ɗaga ƙafa ina tsammanin ruwa ne. Aka ɗora ni a keken guragu, ni da nake zuwa gona da ƙafata, wata 'yar siririya tana tura ni tana cewa yalla, yalla. A bakin fita na hango shi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ban kuma saba kallonsa ido cikin ido ba. Amma da ya durƙusa ya sunkuyar da kai, ƙeyar ubansa na gani sak, har da 'yar furfurar da ke gefe. Kunyar ta tafi, na riƙe kansa a gaban Larabawa da Indiyawa ina kuka.

Unguwarsu Mu'aither ake ce mata. Gidaje masu katanga, duk launin ƙasa, titi shimfiɗe ba rami ko ɗaya. Ba akuya, ba kaza, ba mai zama a ƙofar gida. In ba kiran salla ba, sai ka ce kowa ya yi ƙaura. An ce mini ƙasar zafi ce, na tarar da sanyi mai shiga ƙashi, sai da surukata ta ba ni safa. Yarinyar kirki ce, ba ta bari in ɗaga ko cokali. Inji ke wanki, inji ke wanke kwanuka, tukunya ma da kanta take kashe wuta. Ni kuwa hannuna bai san zama ba. In shiga ɗaki, in fito falo, in leƙa taga, in koma. Na nemi tsintsiya aka nuna mini wata mai igiya tana kuka kamar injin niƙa.

Abinci kam sun iya shinkafa. Akwai wadda suke dafawa da naman rago da busasshen lemon tsami, majbus suke ce mata, ƙanin Malam ya ci har ya kwance maɓallin wuya. Shayinsu karak, mai kauri da madara da ƙamshi, a 'yan ƙananan kofuna na takarda, arha ne ƙwarai, kana cikin mota a miƙo maka. Amma da na bi surukata kanti na tambayi kuɗin tumatir a naira, sai ta ce, "Inna, a nan in kina juya riyal zuwa naira, da yunwa za ki kwana." Na ajiye tumatirin a hankali kamar ƙwai.

Sun shiga da ni jirgin ƙasa mai tafiya ba direba. Na leƙa gaba na tabbatar, ba kowa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina bangon garin ne. Duk yawonmu ban ga hoton ɗan takara ko ɗaya a manne ba. Na tambayi ɗana, ya ce nan tsarinsu daban ne da namu. Ya ce kuma duk 'yan ƙasarmu da ke nan, likitoci da malaman jami'a da direbobi, ba mai iya jefa ƙuri'a daga nan sai ya koma gida. Amma kullum falonsa cike yake da su, sun zo yi mini ta'aziyya, ana shafa addu'a sai a koma siyasar gida, murya har waje. Ƙanin Malam ya samu fili. Kowa ya shigo sai ya nuna ɗana ya ce ga ɗan majalisarmu. Ni ina daga ciki ina ji, zuciyata tana tsalle, rabi daɗi rabi tsoro.

Wata rana surukata ta kai ni Bin Omran, tsohuwar unguwa mai ƙananan shaguna, inda mutane ke raba gida ɗaya ɗaki-ɗaki. Nan na ji ƙamshin gari mai mutane, ana soya albasa, yara na kuka. Wurin wata ƙawarta muka je, 'yar Zongo ta Ghana, mai dafa abinci ana zuwa ana saye. Hausarta daban, "ka zo lafiya" ta ce mini, na duba bayana ko akwai namiji. Ta zuba mini shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji, na ci na yi gumi. Hira ta kai mu ga zaɓe, na ba ta labarin goronmu. Ta riƙe haɓa ta ce su ma mazaɓarsu juyawa take yi, amma ba haka ba. "Mu in mutum ya yi zangonsa bai gyara kwata ba, khalas, shi ke nan, mu sauke shi. In ya gyara mu bar shi. Ku wanda ya yi aiki da wanda ya yi barci duk sauka ɗaya?" Maganar ta bi ni har gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka je Asian Town sayen tsaraba, ni da ɗana da baffansa. Wuri ne na leburori, kusa da inda masana'antu suke, shaguna da gidan sinima da kasuwa. Ban taɓa ganin maza da yawa haka ba sai a Makka. Kowace ƙasa da tata fuskar, kowa riƙe da waya yana magana da gida, wani yana dariya, wani yana share ido. Mata ƙalilan ne. Baffan yana cinikin agogo sai na ji an ce daga bayana, da Hausar garinmu, "Inna, ba matar Malam ba ce ta Tudu?"

Wani magidanci ne, ya durƙusa a tsakiyar mutane. Ɗan Hayi, direban motar ɗaukar ma'aikata. Uwarsa ce ke kawo mini daddawa duk ranar kasuwa, wadda na zo da ita ma tata ce. Ya ce yana kan sitiyari ya ji rasuwar Malam, sai da ya faka ya yi kuka, ya so zuwa amma kafil, wato ubangidansa na aiki, bai ba shi hutu ba. Ya ruga ya sayo mana karak, muka samu benci muka zauna. Ya yi ta juya kofinsa, sannan ya ce, "Inna, a yi haƙuri da bakina. A gida an ce goro bai iso ba."

Baffan ya riga ni. "Kai da kake nan, ta waya za ka ci goron? Ko ƙuri'a ba ka jefawa."

"Alhaji, ai Injiniya ma ba ya jefawa, ga shi kujerar ɗungurum za ku ba shi."

Har baffan sai da ya yi dariya. Ɗana dai ƙasa yake kallo. Direban ya juyo wajena ya rage murya. "Wallahi Inna, wanda namu ke son tsayarwa, ko akuyata ba zan ba shi kiwo ba. Injiniya ya fi shi nesa. Amma tsohuwata tana haye rafin nan da ƙwarya a ka duk ranar kasuwa. Ni ina nan, ba abin da zan iya yi mata in abu ya tashi. Ita nake tunani."

Shayin ya huce a hannuna ban sha ba. Da za mu rabu ya cusa mini ƙullin dabino in kai wa uwarsa.

Washegari da hantsi ɗana ya ce in zo ya nuna mini teku, mu biyu. Doguwar hanya ce a bakin ruwa, an shuka dabino, ga jiragen katako suna lilo, ga dogayen benaye can tsallake kamar an jera kwalabe. Ya nemi mu zauna, na ce mu dai taka. Muka yi ta tafiya, shi a gefen ruwa.

Ya ce, "Inna, zango nawa aka yi ana miƙa goron nan? Kowanne ya zo da alƙawarin gada. Na Tudu ya ce zango ɗaya ba ya isa, na Hayi ma haka. Ba mai tsoron a kayar da shi, don ya san ko ya yi ko bai yi ba sauka zai yi. Ranar da jikin Baba ya rikice, asibiti yana tsallake kuna hangensa, ruwa ya hana ku. Ni a nan bututu nake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku, ubana ya rasu saboda rafi."

Gaskiya ya faɗa. Ina wurin. Rafin ya cika ya batse, masu kwale-kwale suka ce ko gawa ba za su ɗauka ba sai ruwa ya sauka.

Ya ce, "Ba kujerar nake so ba. Amma in kin ce in zo, gobe zan kai musu takardar ajiye aiki. Yaran nan su taso a gabanki."

Ya san inda zai taɓa. Na ga jikokina a tsakar gidana suna kora kaji, na ga hayaƙi yana tashi a madafi safe da yamma, na ga an buɗe ɗakin Malam an share an shimfiɗa tabarma. Bakina ya buɗe zai ce zo. Sai kuma na ga filin makarantar nan, layi biyu, da uwar ɗaya daga samarin da aka kashe tana birgima a yashi, da mai daddawa a tsakiyar rafi da ƙwarya a ka. In aka tashi faɗa bana, da sunan ɗana za a yi shi, da hotonsa a gaban layi.

Na ce, "Ba bana ba."

Ya tsaya. "Maganar Baba ce ko taki?"

"Tawa ce. Ubanka bai bar mini wasiyya a kan kujera ba."

"To gadar fa?"

Na ce ban sani ba. Na ce in goro ya dawo Tudu ya zo ya nema, ba mai cewa uffan. Bai ce mini shekarun da ke tsakani da yawa ba, ni ma ban ce ba, amma duk mun san shekaruna. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Shi ke nan, Inna. Na ji." Ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini.

Sauran kwanakin sun yi mini tsawo. An kai ni likita ya duba idona da gwiwata, wani Bakano mai fara'a, ya ce in rage tsayuwa. Ɗana ya sabunta kwantiraginsa. Bai canza mini fuska ba, yana gaishe ni safe da yamma, amma ya daina zama a falo. Surukata ta yi ta roƙona in zauna da su gaba ɗaya, ta ce ga ɗaki, ga asibiti kusa. Na ce mata, wa zai ba kajin Malam ruwa? Ta san ba kaji ba ne. Baffan kuwa tun da ya ji ya daina ce mini Matar Yaya. Hajiya yake cewa, kamar baƙuwa. A jirgin dawowa ko barci bai yi ba.

Da muka sauka Kano na ce direba ya biya da ni wurin 'yan goro. Baffan ya dube ni ta madubi. Na zaɓa da hannuna, fari da ja, manya marasa tabo, yadda na saba zaɓar wa Malam, aka naɗe a ganye, na sayi sabuwar ƙwarya na zuba. Na riƙe ta a cinya har Hayi.

La'asar sakaliya muka tsaya a ƙofar gidan da ake karɓar goro. Maigidan ya rasu tun kafin Malam, babban ɗansa ne a zauren yanzu. Na dubi baffan, ya ce ƙafarsa na ciwo. Mace ba ta zama a zauren maza ta yi irin wannan magana, don haka na wuce cikin gida wurin tsohuwar. Tana ganin ƙwaryar ta gane, ta rungume ni muka yi kukan mazajenmu tare. Ɗan nata ya shigo tsakar gida, ya cire takalmi, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Inna, da sunan wa zan faɗa wa mutane?" Na so in ce da sunan Tudu, amma Tudu ba ta aiko ni ba. Na ce, "Da sunan gidan Malam." Na aika wa mai daddawa dabinonta, na fito. Muka haye yashi, wannan karon motar ba ta kafe ba.

Yanzu ga ni a gida. Wasu a Tudu suna cewa goron mace ba goro ba ne. Su baffan suna neman wani da za su tsayar, na ji har an fara kawo sunaye. 'Yan Hayi sun raba goron a masallaci, sun ce su dai sun karɓa. Yana iya yiwuwa na bar ɗana a can a banza, alƙawarin ya karye duk da haka. Yana kuma iya yiwuwa 'yar Ghana ce ke da gaskiya, mun sayi zaman lafiya da gadar da ba za mu taɓa gani ba.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na ga garin da titinsa ba rami, bangonsa ba hoton kowa, cike da 'ya'yan mutane da suka bar iyayensu a bakin wani rafi. Na gane cewa ƙuri'ar da nake dangwalawa tun ina da goyo, ban taɓa dangwala ta don wani ɗan takara ba, don kasuwa ta ci ne, a haye a dawo lafiya. Wannan karon ba a rumfar zaɓe na jefa ta ba, kuma ta fi kowace ciwo.

Kun tambaye ni ko Malam ya ce wani abu game da yaron. Ban gaya wa ɗana ba, don kada ya ɗauka umarni ne, alhali ba kujera ce a ran ubansa ba a lokacin. Da safe ne, ruwa na zuba tun asuba, an dawo daga bakin rafi an ce ba hali. Ina ta kai da komo tsakanin ɗaki da zaure, na rasa abin kamawa. Na ɗauko waya zan danna hoton yaron. Malam yana kwance, idonsa a rufe, na ɗauka ba ya ganina. Sai ya ɗago hannu kaɗan ya buga gefen katifa.

Ya ce, "Kada ki kira shi, yana wurin aiki. Ke dai zo ki zauna."